Yadda Ake Kallon Fim, Tsoho Ko Sabo, Har a Faɗi Ra'ayin Da Zai Amfani Wani

Duk inda matasa ke zaman ataya a unguwannin Nima, Mamobi ko Sabon Zongo na Accra, da wuya a tashi ba a taɓo zancen fim ba. Wannan ya ce fim ya yi, wancan ya ce ɓata lokaci ne, a ɗan ja, a wuce. In ka tambayi mai yabon me ya burge shi, sai ya ce kai dai je ka kalla. Mai kushewa kuma ya ce shi dai bai yi masa ba. Kowannensu ya ji wani abu na gaskiya a ransa, sai dai ba wanda ya iya nuna takamaiman wurin. Ra'ayi a kan fim yana da amfani ne idan mai shi zai iya cewa: a wuri kaza na ji kaza, ga kuma abin da masu fim suka yi har na ji hakan. Koyon wannan ake yi, kuma tun kafin a kunna fim ake farawa.

Kwafin da ke hannunka

Yawancin laifin da ake ɗora wa tsofaffin finafinai ba nasu ba ne, na hanyar da suka biyo suka iso gare ka ne. Fim ɗin da aka ɗauka a kan zaren silima a shekarun 1970, an juye shi a kaset na VHS, daga kaset aka kai shi faifan VCD, wani ya ɗora a YouTube, wani ya sauke ya matse shi don ya shiga waya, sannan aka turo maka ta Xender. Kowane zango sai ya zaftare wani abu. Hoton VCD a tsarin talabijin na PAL, wanda Ghana da Najeriya suka bi, ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Na DVD 720 da 576. Talabijin mai cikakken HD kuwa 1920 da 1080 ne. Ke nan ɗigo ɗaya na VCD sai ya baje a kan sama da ɗigo 15 na allonka. Shi ya sa fuska ke narkewa, dare ya koma baƙin tabo. Wanda ya kalli irin wannan kwafi ya ce mai ɗaukar hoto bai iya ba, ya zalunce shi.

Sai tsawon fim. Ka nemi ainihin mintocinsa ka gwada da na kwafinka. Silima na gudu da hoto 24 a sakan, PAL kuma 25, don haka fim ɗin da ya biyo ta kaset ko faifai yakan ɗan yi sauri da kashi 4 cikin 100. Na awa 2 ya dawo minti 115, na awa 3 ya dawo kusan 173, murya kuma ta ɗan yi siriri. Wannan ba yanka ba ne. Amma in ka ga giɓin minti 20 ko 30, an yanke. Faifan VCD ɗaya bai wuce ɗaukar minti 74 zuwa 80 ba, fim ɗin Indiya mai awa 3 faifai uku yake buƙata, masu kwafi kuwa sukan datse waƙa ko fitowa don ya shiga biyu. Idan labari ya yi tsalle, jiya jarumi na kurkuku yau ga shi a gidan biki, ka fara zargin almakashin mai kwafi kafin marubuci.

In launin tsohon fim ya rine ya koma ja-ja ko ruwan hoda, tsufan zare ne: wasu rinin da ke jikinsa sun riga wasu koɗewa. Sabon fim kuwa da aka sata da waya a cikin gidan kallo, mai ji da tarin 'yan kallo da inuwar kawunansu, ba a gina ra'ayi a kansa. Haƙƙin masu shi ne aka ci, hoton da sautin kuma duk ba nasu ba ne.

Gyara allo da sauti

Minti 5 da rimot a hannu sun isa. Abu na farko shi ne faɗin hoto. Tsofaffin finafinai da yawa, da kusan duk na bidiyon Kano da Accra na shekarun 1990, a sigar 4:3 aka yi su, mai kama da murabba'i. Allon yanzu 16:9 ne. Yawancin talabijin kan ja hoton ya cika allo, mutane su yi gajarta su yi faɗi. Ka tsayar da fim a inda akwai abu mai da'ira, tayar mota, agogon bango ko bakin kwano da ke fuskantarka. In ya zama kamar ƙwai a kwance, an ja shi. Shiga saitin hoto ka zaɓi 4:3, ka bar baƙin gefe biyun nan, ba lalacewa ba ce. Akasin haka ma na faruwa: finafinai masu faɗi sosai, irin da aka fara yayi daga 1953, sukan zo da baƙi sama da ƙasa. Kada ka zuƙo hoton don baƙin ya ɓace, mutanen da ke gefe za ka fitar. A kwamfuta, in da manhajar VLC kake kallo, harafin A ne ke sauya faɗin hoto.

Na biyu, sabbin talabijin na ƙirƙiro hotunan ƙarya su cusa tsakanin na gaske don motsi ya yi santsi. LG na kiran abin TruMotion, Sony na cewa Motionflow, Samsung kuma Auto Motion Plus. Ga ƙwallo yana da daɗi, ga fim kuwa yana mayar da aikin miliyoyi kamar bidiyon suna. Kashe shi. Ka fitar da hoton daga saitin shago mai ƙyalli, ka sa shi a na silima. Da farko za ka ga kamar ya yi duhu da rawaya, ba shi minti 10 ido zai saba, sai ka fara ganin fatar mutane da launinta.

Tazara ma na da ƙa'ida: ninki 1 da rabi zuwa 2 da rabi na girman allo. Talabijin mai inci 32 ke nan mita 1.2 zuwa 2. In kwafin tsoho ne mai rauni, ja baya zuwa ƙarshen tazarar, dishi-dishin zai ragu.

Sauti ya fi hoto saurin ɓata wa mutum fim ba tare da ya gane dalili ba. Finafinan Amurka da sabbin na Indiya ana haɗa sautinsu ne don lasifika shida, magana tana ta tsakiya. Idan ƙaramar lasifikar talabijin ta haɗe su, sai magana ta nutse, harbi da kiɗa su tashi unguwa. Ka duba ko fim ɗin na da zaɓin sauti mai layi biyu, ko ka kunna saitin fito da murya. Lasifikar Bluetooth kuma takan makara da kashi 1 zuwa 3 cikin 10 na sakan. Gwajinta mai sauƙi ne: nemi inda aka rufe ƙofa ko aka tafa hannu, ka ga ko ƙarar ta zo tare da motsin. A VLC haruffan J da K na matsar da sauti gaba ko baya, G da H kuma na matsar da rubutun fassara.

Zaman kallon

A Accra rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, don haka bayan Isha'i akwai sarari mai kyau na awa 2 zuwa 3 ba tare da an ci lokacin salla ba. Ka sauke fim ɗin tun da rana, ka cika cajin abin kallo saboda ɗauke wuta. In dole sai an raba shi biyu, finafinan Indiya sun zo da wurin hutunsu a tsakiya, an gina labarin ne ya kai ƙololuwa a daidai nan. Tsaya a wurin. Fim ɗin da aka kalla gutsi-gutsi, minti 10 a motar haya ta trotro, minti 15 a layin sayen waakye (shinkafa da wake), ba a ce masa ya ja ko bai ja ba, don ba a ba shi damar ja ba.

Ajiye takarda da biro kusa, ba waya ba. Duk lokacin da wani abu ya motsa a jikinka, ka yi dariya, tsigar jikinka ta tashi, idonka ya kawo ruwa, ko hannunka ya kai ga waya don gundura, duba minti ka rubuta kalma uku ko huɗu. Misali: 34, uwa ta ƙi karɓar kuɗi, ƙirji ya yi nauyi. Ko: 52, waƙa ta uku, na gaji. Alama 6 zuwa 10 sun isa fim guda. Wanda ya wuce haka rubutu yake yi, ba kallo ba. Kada ka tsayar da fim, kada ka yanke hukunci a lokacin. Abin da ka ji kawai ake so, ko da daga baya za ka ji kunyarsa. Gundura ma shaida ce, kuma mintin da ta fara ya fi komai amfani.

Bayan an gama, ka kwana a kai. Kiɗan ƙarshe na iya sa mutum kuka a fim maras ƙashi, ƙarshe mai ɗaci kuma na iya sa ka tsani fim mai kyau. Da safe, kafin ka buɗe takardar, tambayi kanka wace fitowa ce ta rage a kanka. Ita ce za ka koma wa.

Fitowa ɗaya, kallo uku

Nan ne ainihin aikin. Zaɓi fitowa mai minti 2 zuwa 3 daga cikin alamunka, ka kalle ta sau uku. Na farko yadda take. Na biyu ka kashe sauti gaba ɗaya. Na uku ka bar sauti ka rufe ido.

A ce fitowar ita ce yarinya ta kawo wa mahaifinta abinci washegarin da ya ce ya ba da ita ga wanda ba ta so. Da sauti a kashe, duba inda kyamara ta tsaya. Tana nesa, ana ganin tsakar gida duka, uban a kan tabarma, ita ta durƙusa can gefe, da fili tsakaninsu? To filin nan shi ne maganar. Ko kuwa an matso kan hannunta yayin da take ajiye kwano, murfin ya ɗan karkace ya yi ƙara don hannun na rawa, uban ya kalli murfin bai kalle ta ba? In haka ne, darakta ya san abin da yake yi, 'yar wasan ma ta sani, kuma ka samo dalilin da ƙirjinka ya yi nauyi. In kuwa da aka kashe sauti sai ka ga mutum biyu kawai a zaune baki na motsi, fuska ba ta sauya ba, to kiɗa ne ya yi maka aikin. Ba laifi ba ne kiɗa ya taimaka, amma sai ka yabi mai kiɗa, kada ka ba jaruma ladan da ba nata ba.

Da ido a rufe kuma za ka ji abin da ido ya ɓoye. Muryar uban na kusa, ta 'yar na nesa kamar daga rijiya? Makirufo ɗaya aka yi amfani da shi, an kuma ajiye shi gefe guda. Ƙarar janareta na zuwa tana ɗaukewa duk lokacin da hoto ya sauya? An ɗauki ɓangarorin a lokuta daban, mai tacewa bai daidaita ba. Kiɗan baƙin ciki ya fara tun kafin a faɗi mugun labari? An riga an gaya maka abin da za ka ji, shi ya sa labarin bai dake ka ba. Akwai shiru a fitowar ko babu? Daraktan da ya yarda da 'yan wasansa yakan bar shiru ya yi sakan 4 ko 5.

Ƙara da ƙirga yanka. Duk sanda hoto ya sauya daga wani ɗauka zuwa wani, ja layi a takarda, na tsawon minti 2. Raba sakan 120 da adadin layukan. Layi 12 na nufin kowane ɗauka sakan 10 ne, layi 40 kuma sakan 3. Yi wannan ga tsohon fim da sabo, za ka ga da idonka dalilin da yaro ɗan shekara 15 ke cewa tsohon fim na tafiyar hawainiya. Sau da yawa labarin ba jinkiri yake ba, ido ne ya saba da sauyi kowane sakan 3. Wani lokaci kuma da gaske jinkirin ne: mota ta shigo, an buɗe get, an rufe get, an fito, an gaisa, ba abin da ya ƙaru. Ma'aunin shi ne ko ka san wani sabon abu a ƙarshen ɗaukan da ba ka sani ba a farkonsa.

Akwai wani kuskure da ke rikita mai kallo bai san sunansa ba. Idan mutum biyu na magana, kyamara kan zauna a gefe ɗaya na layin da ya haɗa su, ɗaya ya dubi dama, ɗaya hagu. In aka tsallaka layin ba dalili, sai su biyun su koma duban gefe guda kamar ba da juna suke ba. Ka ji fitowa ta yi maka wani iri, duba wannan.

Adalci ga tsoho

Tsohon fim ana yi masa uzuri a kan kayan aiki, ba a yi masa a kan tunani. Fim ɗin bidiyo ya fara a Accra da Zinabu na William Akuffo a 1987, a Kano kuma da Turmin Danya a 1990. Mutanen wancan zamani da kyamarar kaset suka yi aiki, suna tacewa daga wannan bidiyo zuwa wancan, kowane juyi hoto na ƙara raguwa. Mayya mai tashi sama da ka ga an liƙa ta a hoto, iyakar abin da na'ura ta iya ke nan. Tambayar ita ce ko tsoron da ake so ya kama mutane, kuma da me aka kama su. Amma labarin da ya manta da wani mutum a tsakiya, ko matsalar da aka warware da hatsarin mota don marubuci ya rasa mafita, wannan rauni ne a 1990, rauni ne yau.

Ka san kuma dalilin wasu abubuwan kafin ka kira su aibi. A finafinan Indiya yawanci ba jarumin ke rera waƙa ba, mawaƙa irin su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi ne suka rera, shi ya bi da baki, haka tsarin yake, kowa ya sani. Yawancin maganganun tsofaffin finafinansu ma a situdiyo aka sake ɗora su, shi ya sa murya ke fita tsaf ko a tsakiyar kasuwa. Finafinan Kano kuma, tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar a 2001, suna aiki ne a ƙarƙashin dokokin da suka hana namiji da mace taɓa juna. Soyayya sai ta koma cikin kallo, tazara da waƙa. Mai sharhi na gari yakan duba yadda aka yi amfani da wannan iyaka, ba ya tsaya yana cewa me ya sa ba su yi kamar na Amurka ba.

Wani tarkon kuma na masu shekaru ne. Wanda ya ga fim a silimar Dunia da ke Nima, ko silimar Orion da ke Circle a Accra, cikin ɗaruruwan mutane ana ihu in jarumi ya shigo, ba fim kaɗai yake tunawa ba. Yana tuna ƙuruciyarsa, abokan da wasu sun riga mu gidan gaskiya, da gyaɗar da aka saya a ƙofa. Wannan abu ne mai daraja, a faɗe shi da sunansa. Sai dai a raba: ga abin da fim ɗin ya yi, ga abin da zamanin ya yi. Sake kallonsa yau da takarda a hannu shi ke rabawa. Wasu finafinan za su tsaya da ƙafarsu, har ka ga abin da yaro bai gani ba a lokacin. Wasu kuwa waƙoƙinsu kaɗai za su rage.

Adalci ga sabo

Sabon fim da kyan hoto yake ruɗin mutane. Kyamara mai tashi ta nuna gari daga sama, launi ya yi ɗau, gida ya yi kyau, sai a ce an ci gaba. Kyamara mai kyau yanzu ta yi araha, don haka kyan hoto kaɗai ba abin yabo ba ne. Cire hotunan sama da na motoci a ranka, ka ga me ya rage.

Masu dogon zango, da suka yawaita bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014 sannan suka cika YouTube, ma'auninsu daban ne. Kada ka yanke wa shiri hukunci da kashi ɗaya, ba shi uku. A kowane kashi ƙirga minti nawa ne maimaicin na baya, tallace-tallace da tunanin abin da ka riga ka gani. In kashi mai minti 50 ya ba ka sabon labari na minti 15 kawai, ka faɗi haka da lissafinsa, ya fi cewa suna ja da yawa.

Fassara da al'ada

Fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa aiki biyu ne a haɗe. Masu fassara kan ƙara barkwanci, su sauya suna, su taƙaita doguwar magana don ta shiga bakin ɗan wasa, wani lokaci murya ɗaya ta yi mutum uku. In ka yi dariya, ka san wa ya ba ka ita. Haka ma shirye-shiryen Indiya da gidajen talabijin na Ghana ke juyawa da Twi. A ra'ayinka ka ambaci cewa fassara ka kalla.

Mu da ke zango muna tsakiyar al'adu, wannan gata ne in an lura. A fim ɗin Kumasi za ka ga ɗan 'yar'uwa na rigimar gadon kawunsa, 'ya'yan mamaci na gefe. Ga wanda ya tashi a kan rabon gado na Musulunci abin kamar ba shi da kai, alhali a al'adar Asante ta wajen uwa ake gado, kuma rikicin da ke tsakanin wannan da haƙƙin mata da 'ya'ya na cikin abin da ya sa aka yi dokar gado ta 1985. Labarin na tsaye a kan ƙasarsa. Haka in ka zauna da abokinka ɗan ƙabilar Ga ko Asante kuna kallon fim ɗin Kano, zai yi mamakin uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Zai ɗauka ƙiyayya ce, alhali kunya ce. Hausar Kano kanta na da karin magana da habaicin da ɗan Nima zai iya wucewa bai kama ba. In fitowa ta yi maka shiru amma ka ga 'yan wasa sun ɗauke ta da nauyi, mayar baya ka saurara, ko ka tambayi wanda ya zauna can.

Faɗin ra'ayin

Ko a rubuce a WhatsApp da Facebook, ko da murya, kalma 150 zuwa 250 sun wadatar, kimanin minti 2 na magana. Fara da sunan fim, shekararsa, da irin kwafin da ka gani. Ba da labarin a jimla biyu, kada ka wuce kashi ɗaya cikin uku na farkonsa. Wanda ya mutu, wanda ya ci amana, wanda ya auri wa, duk a bar wa mai kallo. Sannan abin da ka ji, da fitowar da ta jawo shi, da mintinta. Sai rauni ɗaya mafi girma, shi ma da wurinsa. Ka rufe da wanda fim ɗin zai dace da shi.

Dubi bambancin. Wani ya rubuta: fim ɗin ya haɗu, jarumar ta yi ƙoƙari, 9 cikin 10. Wani kuma: a minti na 34 uwar ta mayar wa ɗanta kuɗin da ya kawo ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da tankaɗe, kyamara ta tsaya a kanta har ya fita, a nan na gane ta san inda kuɗin ya fito. Bayan awa ɗaya labarin ya saki uwar ya bi soyayya, daga nan ya yi sanyi. Na biyun bai ba da maki ba, amma wanda ya karanta ya san abin da zai tarar, kuma in bai yarda ba ya san inda zai je ya duba. Maki shi kaɗai ba ya gaya wa kowa komai, don 7 ɗin wani 9 ɗin wani ne.

Batun yara kada a bar shi a dunƙule. Dokar finafinai ta Ghana ta 2016 ta tanadi rarraba finafinai bisa shekarun masu kallo, amma abin da ke yawo a waya ba ya zuwa da wannan alama. Kai da ka kalla, faɗi abin da ke ciki kai tsaye: akwai zubar da jini a wuri biyu, akwai shigar da ba ta dace a kalla da iyaye ba, akwai tsafi da zai hana ƙaramin yaro barci. Uwar da ke neman abin da za a kunna a falo ranar Salla wannan layin take nema.

Ka raba ɗan wasa da rawar da ya taka. Wanda ya sa ka tsane shi a matsayin mugu ya iya aikinsa ne. Aurensa, sakinsa da abin da aka ce ya yi a waje ba sharhin fim ba ne, gulma ce, kuma alhakinta na nan ko an sa mata sunan ra'ayi. In aikinsa ne bai yi ba, faɗi inda bai yi ba: ya yi kuka da murya amma idonsa a bushe, ko yana jiran layinsa maimakon sauraron mai magana.

In saɓani ya taso a zaman, kada a tsaya kan ya yi da bai yi ba. A ciro waya a nemo fitowar a kalla tare, gani ya kori ji. Da dattijo kuwa ba a farawa da kushe abin da yake ƙauna. Ce masa: Baba, wane wuri ne ya fi zauna maka a fim ɗin nan? Zai ambaci wata fitowa, sau da yawa har da waƙar da ke cikinta da silimar da ya gan ta. Nemo ta, gyara faɗin hoton zuwa 4:3 in irinta ce, ɗaga murya yadda zai ji, ka miƙa masa rimot ɗin ya tsayar a inda yake so ya yi bayani.